Fatsa da Birgi a Ruwan Kaka

Idan aka fara yankan gero a Garbadu, gulbi ma nasa girbin ya zo. Ruwan da ya shafe damina jajir da laka ya soma kwantawa, fadamu suna janyewa, kifin da ya shige ciyawa ya yi ƙwai ya yi ƙiba yana neman hanyar komawa zurfi. A nan masunta ke rabuwa gida biyu: mai saɓe da birgi, da mai riƙe da sandar fatsa da gwangwanin koto.

Wanda bai san ruwa ba zai ce ai tazarar da nisa. Jifa ɗaya na birgi, in an dace, ya fi abin da fatsa za ta kawo daga asuba zuwa hantsi. Ga kuma ban sha'awa: mutum ya tsaya ruwa iya gwiwa, ya ciji bakin ragar, ya murɗa ƙugu ya saki, ta buɗe kamar faifai, dalma ta ja ta ƙasa. Sai dai a watan Oktoba ƙasan ruwa cike yake da ciyawa da kara da ƙayar da ambaliya ta kwaso. Jifa uku, ɗinki wuni guda. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne idon raga. Yawancin birgin da ake saye yanzu matsattsen ido ne, yana kwaso 'ya'yan karfasar bana da ba su kai tsawon yatsa ba, waɗanda da an bar su zuwa bazara da sun cika tafin hannu.

Fatsa ita ce ake rainawa, wai sana'ar yara da tsofaffi. Amma kaka lokacin fara ne, kuma kifi ya san da haka. Duk farar da iska ta kaɗo daga gona ta faɗa ruwa, ba ta daɗewa tana shure-shure. Gwanin fatsa yakan kama ta da sanyin safiya, lokacin da raɓa ta yi mata nauyi, ya cire ƙafafun tsalle, ya soka ƙugiya ta bayan wuya don kada ta mutu, ya jefa ba dalma, ruwa ya tafi da ita inda mai gudu ya haɗu da kwantacce. Kawara ba ta yi mata sallama. Tarwaɗa kuwa 'yar ƙasa ce, sai tana ko hanjin kaza, sai kuma magariba ta kawo jiki. Da yake ruwan ya washe, karin maganar nan ta kifi na ganinka mai jar koma ta zama zahiri: inuwarka ta faɗa ruwa, ka yi ta zama har dare.

Turawan Ingila da Amurka sun mai da wannan dabara ilimi guda. Suna ɗaura gashin tsuntsu a ƙugiya ya yi kama da ƙwaro, su yaudari wani kifin ruwan sanyi da suke kira tirawut. A koguna da yawa na Ingila ana rufe kamunsa wajen Oktoba don ya samu ya yi ƙwai. Da yawansu ma in sun kama sai su sake shi. Mu da tukunya ke jira a gida, wannan sai dai labari.

Akwai kuma abin da kakanninmu ba su yi lissafi da shi ba. Tun da kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, mai tafkin da ke ɗaukar ruwa kyubik mita miliyan 450 har wajen Maradun, cika da janyewar ruwa a ƙasan dam ba na sama kaɗai ba ne. Ambaliyar da ke shiga fadamun yankin Bakura ta ragu, wurin hayayyafar kifi ya ragu da ita. Ranar da aka buɗe ƙofa ruwa ya taso ya gurɓace, mai birgi ya rasa wurin tsayawa, mai fatsa kuwa ya ajiye fara ya koma tana, don tarwaɗa na son ruwa mai motsi.

To amma hunturu na busowa zance ya juye. Kifi ya ji sanyi ya daina cin koto, ya taru a gurabu, ciyawa ta ruɓe, ƙasa ta yi fes. Wannan lokacin birgi ne da homa, kuma da rani ake su, har da babban na Argungu da aka soma bikinsa a 1934. Mai fatsa a Disamba sai dai ya ci kotonsa.

Don haka ni daga yankan gero zuwa tsakiyar Nuwamba ina bayan fatsa. Ranar Talata a kasuwar Mafara na tsaya kan masu kifi: ga tulin ƙananan karfasa ƙuda na bi ana ta rage kuɗi, ga tarwaɗa biyu a daro suna motsi, masu saye uku na jayayya a kansu.