Dokta Shamsuddeen Usman: Daga Bankin Zuba Jari zuwa Ba Gwamnati Shawara

Gabatarwa

Tun zamanin En'e, ba a rasa mutum guda a kusa da sarki wanda aikinsa shi ne riƙon lissafi. Ma'aji ne ya san abin da ya shiga baitulmali da abin da ya fita, kuma shi ne kan faɗa wa majalisa cewa aiki kaza zai yiwu bana, aiki kaza kuma sai baɗi. Bayan samun mulkin kai wannan aiki ya faɗaɗa ƙwarai, har ta kai gwamnatoci na zuwa bankuna suna ɗauko gwanayen lissafin kuɗi domin su ba su shawara.

Wannan takarda za ta duba rayuwar aikin ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane, wato Dokta Shamsuddeen Usman, ɗan birnin Kano, wanda ya shugabanci bankin zuba jari, ya zama Mataimakin Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, sannan ya riƙe ma'aikatu biyu na tarayya. Manufa ita ce malamai da dattawa su fahimci irin kayan aikin da ma'aikacin banki kan zo da su cikin gwamnati, da kuma inda ƙarfinsu kan tsaya.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Shamsuddeen Usman a birnin Kano a shekarar 1949. Ya yi karatun sakandare a Kwalejin Gwamnati ta Keffi da Kwalejin King's ta Legas, sannan ya sami digirinsa na farko a fannin tattalin arziki a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Daga nan ya tafi Ingila, inda ya yi digiri na biyu da na uku a Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan. Ya koyar a jami'a, ya kuma yi wa gwamnatin Jihar Kano aiki a fannin tsare-tsare da kasafin kuɗi.

Ya kamata a tuna da halin da ake ciki a farkon shekarun 1980. Farashin man fetur ya soma sauka, har gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a 1982. Mu da muka shiga aikin gwamnati a wannan tsakani mun ga yadda ayyukan da aka aza wa harsashi lokacin wadata suka tsaya cak. Duk wanda ya zauna a ofishin kasafin kuɗi na wata jiha a waɗannan shekaru ya koyi darasi guda: kuɗin mai baƙo ne, ba ya sallama in zai tafi.

Mene ne Bankin Zuba Jari?

Bankin da yawancinmu muka sani shi ne na kasuwanci, inda ma'aikaci ke karɓar albashi, ɗan kasuwa ke ajiyar cinikinsa. Bankin zuba jari ba ya hulɗa da masu ƙananan ajiya. Abokan hulɗarsa su ne manyan kamfanoni da gwamnatoci. Idan kamfani yana son kafa sabuwar masana'anta, wannan banki ne zai ƙiyasta darajar kamfanin, ya tsara yadda za a sayar wa jama'a hannayen jarinsa, ko ya haɗa kan masu kuɗi su ba shi rance mai dogon zango. Idan kamfanoni biyu za su haɗe, shi ne zai shiga tsakani.

Wanda ya san tsohon fatauci ba zai ga wannan baƙon abu ba. Mai masaukin fatake a Kano ba shi ke da kayan ba, ba kuma shi zai saya ba. Amma shi ya san darajarsu, ya san mai saye na gaskiya, yakan tsaya wa mutum lamuni, a ƙarshe ya ɗauki la'adarsa. Jarinsa shi ne amana da iya ƙiyasi. Haka ma'aikacin bankin zuba jari yake. Kullum tambayoyinsa uku ne: nawa abin zai ci, daga ina kuɗin za su fito, kuma yaushe za su dawo?

Bankin da Dokta Shamsuddeen ya yi wa aiki, har ya zama Manajan Daraktansa a tsakiyar shekarun 1990, shi ne bankin NAL. An kafa shi a 1960, kuma shi ne na farko a irin waɗannan bankuna a Nijeriya. Ya kuma riƙe muƙamin darakta a bankin UBA da bankin Union. Zamanin ba mai sauƙi ba ne. Bayan da aka sassauta ba da lasisi, yawan bankuna ya tashi daga kimanin 40 a 1985 zuwa kusan 120 a farkon shekarun 1990, kuma da yawansu ba su da wata sana'a sai cinikin kuɗin waje. A watan Janairun 1998 aka rufe bankuna 26 a rana ɗaya. Bankin NAL ya tsallake wannan guguwa, ya ci gaba har 2006, lokacin da ya haɗe da wasu bankuna huɗu aka kafa bankin Sterling.

Sayar da Kamfanonin Gwamnati

Babban aikin tarayya na farko da ya fito da sunansa ya zo ne a zamanin Janar Ibrahim Babangida. A 1986 aka ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, kuma a ƙarƙashinsa aka kafa doka mai lamba 25 ta 1988, wadda ta samar da kwamitin sayar da kamfanonin gwamnati, wato TCPC. Shugaban kwamitin shi ne Dokta Hamza Zayyad, Wazirin Katsina, shi kuwa Dokta Shamsuddeen ya zama Babban Daraktansa.

Hujjar gwamnati ita ce kamfanoninta sun zama rijiya gaba dubu, kowace shekara ana zuba musu kuɗi ba sa kawo riba. An ware kamfanoni 111 da za a sayar, wasu gaba ɗaya, wasu wani kaso, kuma zuwa 1993 an kammala da 88. A nan ne sana'ar bankin zuba jari ta yi rana, domin aikin duka na ƙiyasin daraja ne da tsara sayar da hannun jari. An bi ta kasuwar hannayen jari wajen sayar da da yawa daga cikinsu, aka kuma yi ƙoƙarin ganin kowace jiha ta sami rabonta.

Sai dai a nan Arewa abin ya gamu da cikas. Na tuna lokacin da takardun sayen hannun jari suka iso ofishinmu, mutane ƙalilan ne suka cike. Wasu na ganin takarda ba dukiya ba ce, gara a sayi fili ko sa. Wasu na shakkar halaccin abin, musamman hannun jarin bankuna da kamfanonin inshora. Wasu kuwa, a gaskiya, albashin da faɗuwar naira ta cinye bai bar musu abin saye ba. Har yau masana na da saɓani a kan wannan shiri. Masu goyon baya na cewa ya sauke wa gwamnati nauyi, ya kuma buɗe wa dubban mutane ƙofar mallakar jari. Masu suka na cewa masu hannu da shuni ne suka fi amfana, ma'aikata da yawa kuma suka rasa abin yi.

A Babban Banki

Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, aka naɗa shi Mataimakin Gwamnan Babban Banki, ya kuma zauna a wannan muƙami har 2007, a ƙarƙashin Cif Joseph Sanusi da Farfesa Charles Soludo. A wannan tsakani ne aka fito da takardun naira 100, 200, 500 da 1,000. A nan ne kuma aka yi babban gyaran nan na 2004, inda aka ɗaga mafi ƙarancin jarin kowane banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25. Kafin ƙarshen 2005, bankuna 89 sun koma 25. Wanda a da yake cikin waɗanda ake sa wa ido, yanzu ya koma cikin masu sa idon.

Ministan Kuɗi

A watan Yulin 2007 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya naɗa shi Ministan Kuɗi. Ya tarar da baitulmali cikin hali mai kyau. An rabu da bashin ƙungiyar Paris a 2006, bayan an yafe wa Nijeriya kimanin dala biliyan 18 ta kuma biya kimanin biliyan 12. Akwai kuma asusun rarar man fetur da aka buɗe a 2004.

Yana da kyau a bayyana yadda wannan asusu yake aiki, domin shi ne zuciyar maganar. Gwamnati kan gina kasafinta a kan wani farashin mai da ke ƙasa da na kasuwa, abin da ya hau kai sai a ajiye. Kasafin 2008 an gina shi a kan dala 59 kowace ganga. A watan Yulin wannan shekara ganga ta kai dala 147, amma a watan Disamba ta faɗo ƙasa da dala 40 saboda rikicin kuɗi da ya taso daga Amurka. Kasuwar hannayen jari ta Legas ta durƙushe, mutane da yawa da suka ci bashin banki suka sayi hannun jari suka shiga uku. Abin da ya taimaka wa gwamnatoci suka ci gaba da biyan albashi shi ne wannan ajiya, wadda ta kai kimanin dala biliyan 20. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma asusun yana da rauni babba, wato ba doka ce ta kafa shi ba. Gwamnoni sun kafa hujja da sashe na 162 na tsarin mulki, wanda ya ce a raba kuɗin shiga tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Don haka aka yi ta rabo, har kafin ƙarshen 2010 kaɗan ya rage. Sai a 2011 aka kafa dokar asusun ajiya na ƙasa, aka soma shi da dala biliyan 1.

Ma'aikatar Tsare-tsare

A ƙarshen 2008 aka yi wa majalisar ministoci garambawul, Dokta Mansur Muhtar, shi ma ɗan Kano, ya karɓi Ma'aikatar Kuɗi, shi kuma Dokta Shamsuddeen ya koma Hukumar Tsare-tsare ta Ƙasa a matsayin minista. A nan ya jagoranci rubuta shirin hangen nesa na 20:2020, wanda burinsa shi ne Nijeriya ta shiga sahun ƙasashe 20 mafi ƙarfin tattalin arziki a duniya kafin 2020, da arzikin da ya kai dala biliyan 900 a shekara. An kuma soma tsara shirin samar da hanyoyi, wutar lantarki, jiragen ƙasa da ruwan sha na shekaru 30. A 2012 ministoci suka sa hannu a yarjejeniyar auna aikinsu, dabarar da aka aro daga kamfanoni.

Ya ci gaba da riƙe ma'aikatar a ƙarƙashin Shugaba Goodluck Jonathan har watan Satumban 2013, lokacin da aka sauke ministoci tara, har da shi. Hakan ya faru ne kwanaki kaɗan bayan jam'iyyar PDP ta dare gida biyu, kuma gwamnan Kano na lokacin yana cikin waɗanda suka ɓalle, abin da ya sa jaridu da dama suka danganta sauke ministocin da siyasa.

Shi kuwa shirin 20:2020, bai kai gaci ba. A 2014 an sabunta lissafin arzikin ƙasa, Nijeriya ta zama ta ɗaya a Afirka a lokacin. Amma farashin mai ya sake karyewa, tattalin arziki ya shiga koma-baya a 2016 da kuma 2020. Da shekarar ta zagayo, abin da aka samu bai wuce kimanin rabin abin da aka yi buri ba, ƙasar kuma ba ta shiga sahun 20 ba.

Kammalawa

Idan aka dubi wannan doguwar tafiya, za a ga abu guda yana maimaita kansa. A banki, idan lissafi ya nuna aiki ba zai yiwu ba, magana ta ƙare. A gwamnati kuwa, lissafi murya ɗaya ce a cikin muryoyi da yawa. Akwai gwamnoni, akwai 'yan majalisa, akwai zaɓe mai zuwa. Gyaran da aka ɗora a kan doka da hukuma mai ikon tilastawa, kamar haɗe bankuna, ya tabbata. Wanda aka bar shi a kan fahimtar juna ko kyakkyawar niyya, kamar asusun rarar mai da shirin 20:2020, ya tafi da zamaninsa.

Haka kuma akwai abin da lissafin banki ba ya gani da sauƙi, wato halin ma'aikacin da aka sallama, da magidancin da kuɗin cefanensa ya daina isa. Saboda haka bai kamata a ɗora wa mai ba da shawara dukkan laifi ba, bai kuma kamata a ba shi dukkan yabo ba. Hausawa sun ce mai shawara aikinsa ba ya ɓaci, amma sharaɗin shi ne ya yi aiki da ita.

Ga malamai, rayuwar Dokta Shamsuddeen Usman ta isa misali ga ɗalibai cewa yaron da ya tashi a cikin birni zai iya kaiwa inda ake yanke shawarar dukiyar ƙasa ta hanyar karatu. Yana da kyau kuma a koya musu tambayoyin nan uku tun suna ƙanana, domin su riƙa yi wa kowane shugaba da ya zo da alƙawari: nawa zai ci, daga ina kuɗin za su fito, kuma wa zai biya? Allah ya ba shugabanninmu mashawarta nagari, ya kuma ba su ikon sauraro.