Bayan ƙafa ta ɗauke: Yadda ma'aikatan dare ke komawa Kurudu daga tsakiyar Abuja

Yawancin mutanen da ke riƙe da birnin Abuja cikin dare ba a cikin birnin suke kwana ba. Ma'aikatan jinya, masu gadi, masu hidima a otal-otal da gidajen abinci, masu zuba mai da ma'aikatan gidajen rediyo, da dama daga cikinsu suna zaune ne a garuruwan da ke gefen birni, inda kuɗin haya ke da dama-dama. Kurudu na ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa.

Garin yana ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Birni da Kewaye, wato AMAC, a kan hanyar da ta taso daga Nyanya ta ratsa Karu da Jikwoyi, ta wuce Orozo har zuwa Karshi. Tsakaninsa da tsakiyar birni akwai tafiyar fiye da kilomita 20. Da rana matsalar wannan hanya ita ce cunkoso. Da dare kuwa, titi a buɗe yake, abin hawa ne ke wuya.

Wanda ya tashi aiki a Wuse ko Garki da ƙarfe 11 na dare ba ya samun mota guda da za ta sauke shi a Kurudu, sai da sa'a. Tafiyar gutsure-gutsure ce. Zai fara neman abin da zai kai shi mahaɗar AYA a Asokoro, daga nan ya hau babbar hanyar Abuja zuwa Keffi, ya wuce Barikin Mogadishu da Kugbo, ya sauka a gadar Karu ko Nyanya. Sai kuma ya nemi Keke Napep, acaɓa ko ƙaramar mota zuwa Jikwoyi da Kurudu. Idan gidansa na can cikin unguwa, akwai sauran hawa ɗaya. Kowane hawa da kuɗinsa, kuma da dare ya yi nisa direba ne ke yanka farashi, domin ya san fasinjan da ke tsaye a gabansa ba shi da zaɓi.

Wannan yanayi ya samo asali ne daga matakan da hukumomi suka ɗauka ɗaya bayan ɗaya. A watan Oktoban 2006, lokacin da Malam Nasir El-Rufai yake Ministan Babban Birnin Tarayya, aka hana 'yan acaɓa aiki a cikin birni. A 2013, zamanin Sanata Bala Mohammed, aka hana ƙananan motocin bas masu launin kore shiga tsakiyar gari, da nufin manyan motocin safa su maye gurbinsu. A ƙarshen 2019 kuma aka taƙaita zirga-zirgar Keke Napep a manyan titunan birnin. Kowane mataki yana da hujjarsa ta tsaro ko ta tsari. Abin da aka yi alkawarin kawowa a madadinsu ne bai wadatar ba. Manyan motocin kamfanin sufuri na Abuja, AUMTCO, waɗanda jama'a ke kira motocin El-Rufai, an gina aikinsu ne bisa ma'aikacin da ke fita da safe ya dawo da yamma, kuma yawansu bai taɓa kai buƙatar wannan hanya ba.

Jirgin ƙasa na cikin birni ma bai taimaki mutumin Kurudu ba. Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi a watan Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, sannan Shugaba Bola Tinubu ya sake buɗe shi ranar 29 ga Mayu, 2024. Sai dai layinsa ya nufi filin jirgin sama ne da ɓangaren Kubwa ta Idu. Gabashin birni, inda Nyanya, Karu, Jikwoyi da Kurudu suke, ga kuma Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, babu layin dogo ko ɗaya. Hanyar Apo zuwa Karshi, wadda za ta ba mazauna yankin ƙofa ta biyu ta shiga birni, an bayar da kwangilarta tun 2011, ta shafe fiye da shekaru goma ba a kammala ba.

Giɓin da aka bari, motocin masu zaman kansu ne suka cike shi, waɗanda ake kira kabu-kabu ko "alon". Mai mota zai tsaya a bakin titi ya ɗebi mutum biyar ko shida da ke bin hanyarsa don ya rage kuɗin mai. Su ne mafi araha, kuma su ne mafi haɗari.

Kafin a zo ga haɗarin, akwai lissafin aljihu. Kafin a cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ana sayar da lita a ƙasa da naira 200 a gidajen man NNPC. Cikin 'yan kwanaki ta koma naira 537 a Abuja, a watan Yuli ta kai naira 617, a watan Oktoban 2024 kuma ta kai naira 1,030. Farashin ya ci gaba da hawa da sauka tun daga lokacin, amma kuɗin mota da ya hau ba ya cika saukowa. A gefe guda, mafi ƙarancin albashi da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Idan aka raba shi a kwanaki 26 na aiki, kowace rana ba ta kai naira 2,700 ba. A ɗauka, don misali, ma'aikaci yana kashe naira 1,500 a rana wajen zuwa da dawowa: a wata ya kashe naira 39,000, fiye da rabin albashinsa, tun bai sayi mudun shinkafa ba. Masu gadi da masu shara da yawa da ke ƙarƙashin kamfanonin kwangila ba sa samun ko wannan mafi ƙarancin.

Da wannan lissafi ake gane dalilin da ya sa manhajojin kiran mota irin su Bolt, Uber da inDrive ba su zama mafita ga ƙaramin ma'aikaci ba. Amfaninsu a bayyane yake: akwai sunan direba da lambar mota, kuma ana iya tura wa ɗan'uwa hanyar da ake bi ya riƙa gani a wayarsa. Amma tafiyar kilomita 20 da tsakar dare na iya cinye ladan yini guda ko fiye, kuma wasu direbobin na ƙin karɓar tafiya zuwa bayan gari saboda za su dawo babu fasinja. Ga mutum ɗaya, abin ajiyewa ne don ranar larura. Ga mutum huɗu da suka tashi aiki tare kuma hanyarsu ɗaya, lissafin ya canja.

A nan ne dabarar da ta fi inganci take, wato shata ta haɗin gwiwa. Abokan aiki ko maƙwabta huɗu zuwa shida da ke zaune tsakanin Karu, Jikwoyi da Kurudu za su daidaita da direban tasi guda da aka san gidansa da tasharsa, ya riƙa zuwa ɗaukarsu a lokaci guda kowane dare, a biya shi a mako ko a wata. Direban ya samu kuɗin da ya tabbata, fasinjoji kuma sun tsira daga farashin dare da tsayuwa a bakin titi. Tsarin yana da kama da adashi, kuma abin da ke rusa adashi shi ke rusa shi: mutum ɗaya ya ƙi biya, ko a sauya wa wani lokacin aiki. Shi ya sa ya fi dacewa a karɓi kuɗin tun farkon mako, a kuma amince cewa wanda bai hau ba ranar da yake hutu ba zai nemi ragi ba. Idan akwai abokin aiki mai mota da ke bin hanyar, haɗa masa kuɗin mai ya fi haka sauƙi.

Wasu kuma sun zaɓi kada su koma gida sam sai gari ya waye. Tun bayan cire tallafin mai, kwana a wurin aiki ya zama ruwan dare a Abuja. Wanda ya tashi ƙarfe ɗaya na dare, ya jira har bayan sallar asuba, zai tarar motoci sun fito, kuma da yake shi fita yake daga birni a lokacin da kowa ke shigowa, motocin da ke komawa Nyanya kusan babu kowa a ciki, kuɗinsu na da sauƙi. Abin da yake biya a madadin kuɗi shi ne barcinsa da lokacin iyalinsa, kuma ga mace mai shayarwa ko mai yara 'yan makaranta wannan ba ƙaramin farashi ba ne.

Batun tsaro ya fi na kuɗi nauyi. 'Yan fashin da ake kira "wan cans" suna amfani da mota mai kama da ta haya, da mutanensu a ciki a matsayin fasinjoji, wani lokaci har da mace don a saki jiki. Da mutum ya shiga sai su ƙwace waya da katin cirar kuɗi, su tilasta masa faɗin lambar sirri, su yar da shi a wani wuri. A watan Satumban 2023 wata matashiya ta rasu bayan an jefo ta daga mota a kan hanyar Maitama zuwa Kubwa, lamarin da ya tayar da hankalin ƙasa. Ma'aikacin dare shi ne ya fi kowa kusa da wannan tarko, domin a gajiye yake, shi kaɗai ne, kuma yana ƙagare ya isa gida.

Shawarar da jami'an tsaro ke maimaitawa ita ce a hau mota a tasha, a fifita tasi mai fentin kore da lambar rajista a jikinta, a guji mota mai baƙin gilashi ko wadda ba ta da lamba. Yana da kyau a aika wa wani lambar motar kafin a shiga, a ware kuɗin mota a aljihu daban, kuma kada a riƙa yawo da katin asusun da albashi ke shiga. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Haka kuma sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar agajin gaggawa, ko da wane dalili. Sai dai shawarar hawa a tasha tana aiki ne idan akwai tashar da ke buɗe. A watan Yunin 2025 aka ƙaddamar da sababbin tashoshin mota a Mabushi da Kugbo, kuma Minista Nyesom Wike ya ce an gina su ne don rage fashin wan cans. Ta Kugbo tana kan hanyar mutanen Kurudu, amma amfaninta ga ma'aikacin dare ya dogara ne ga ko akwai mota mai rajista a cikinta da ƙarfe 12 na dare.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: mene ne nauyin mai wurin aiki? Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 14, ta wajabta bayar da abin hawa ko kuɗin mota ne kawai idan an tura ma'aikaci wani wurin aiki mai nisan kilomita 16 ko fiye daga inda ya saba aiki. Ba ta ce komai ba game da komawa gida da tsakar dare. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta amince da Yarjejeniya ta 171 kan aikin dare a 1990, tare da Shawara ta 178, wadda ta nemi a daidaita lokacin tashi aiki da lokacin motocin haya, mai wurin aiki kuma ya samar da mota ta bai-ɗaya inda babu ta haya. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da suka rattaba hannu a yarjejeniyar.

Don haka motar ma'aikata ko kuɗin aikin dare abu ne da ake samu ta hanyar yarjejeniya, ko dai a takardar ɗaukar aiki ko ta bakin ƙungiyar ƙwadago. Wasu manyan otal-otal, asibitoci da gidajen watsa labarai suna da motar da ke mayar da ma'aikata, ko da iyakarta Nyanya ce. Inda babu halin sayen mota, sauya jadawali ba ya cin ko kwabo: a tashi aiki da ƙarfe tara na dare lokacin da motoci ke kan hanya, ko kuma a kai aikin har ƙarfe shida na safe. Mai neman aikin dare da ke zaune a Kurudu ya kamata ya tambayi lokacin tashi da batun mota a ranar da ake maganar albashi, kafin ya sa hannu.