Ɗakin karatu a makarantar firamare: Amanar da ba a riƙe ta da kwaɗo



Akwai wani ɗan gwaji da ya kamata kowane uba a cikinmu ya yi wa ɗansa ko ’yarsa da ke aji huɗu ko biyar na firamare. A miƙa wa yaron gajeren labari da Hausa wanda bai taɓa gani ba, a ce ya karanta, sannan ya faɗi abin da ya fahimta. Da yawa daga cikinmu za mu sha mamaki, domin yaro yana iya rera duk abin da malami ya rubuta a allo, amma da zarar an sauya masa shafi sai harshe ya sarƙe. A shekarar 2022, rahoton da Bankin Duniya ya fitar tare da UNESCO da UNICEF da wasu hukumomi ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na yara ’yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta gajeren rubutu su gane shi. Yaron da ya kai wannan shekara bai iya karatu ba, ƙofar lissafi da kimiyya da tarihi duk a rufe take a gabansa, har ma da littafin fiƙihun da za a ba shi a Islamiyya.

Karatu kamar saƙa yake ko ƙira: malami yana nuna hanya, amma hannu ba ya faɗawa sai da yawan yi. Littafin darasi guda ɗaya da ake bi shafi-shafi har ƙarshen shekara bai isa ya kai yaro ga ƙwarewa ba. Yana bukatar littattafai masu yawa, masu sauƙi, masu daɗi, waɗanda zai ɗauka da ganin damarsa. Samar da waɗannan littattafai da sa su a hannun yara, shi ne aikin ɗakin karatu, wanda ake kira laburare.

Littafin da aka kulle

A makarantu da dama ana samun littattafai, wasu daga hukuma, wasu daga masu ba da gudummawa. Sai dai galibi suna cikin kwali a ofishin hedimasta, ko a kabad da kwaɗo a jiki. Ba mugunta ce ke kawo haka ba. Hedimasta ya sa hannu ya karɓi littattafan, yana kuma tsoron ranar da jami’in duba makarantu zai zo ya ƙirga ya tarar da giɓi. Saboda haka sai ya ga kullewa ta fi masa sauƙi. Gara da danshin damina kuwa ba ruwansu da kwaɗo, sukan cinye littafin da ba a taɓa buɗe shi ba.

A 1931 wani masanin aikin laburare ɗan ƙasar Indiya, S. R. Ranganathan, ya tsara dokoki biyar na wannan aiki, kuma ta farkonsu tana nuna cewa don amfani aka yi littattafai. Littafin da ya yage saboda yara hamsin sun karanta shi ya cika aikinsa. Wanda ya zauna sabo fil a kabad shekara biyar, shi ne asarar. Don haka muke kira ga masu duba makarantu da su riƙa buɗe rajistar aro, su ga yara nawa suka karɓi littafi a zangon karatu, kafin su ƙirga abin da ke kan kanta.

Magabata sun fahimci wannan. Gidan ilimin da aka buɗe a Alƙahira a 1005, wanda ake kira Darul Ilmi, kowa yana iya shiga ya karanta, har takarda da tawada da alƙalami ake ba wa mai son kwafa kyauta. A nan ƙasarmu ma da aro da kwafa ilimi ya yaɗu, ɗalibi ya ari littafi wurin malaminsa, ya rubuta nasa da hannu, ya mayar. A zamanin boko kuwa, gasar rubutun 1933 da ofishin talifi na Zariya ya shirya ita ce ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, daga baya kuma Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce domin karatun ’yan makaranta. Dattawanmu da yawa a waɗannan littattafai suka fara ɗanɗana zaƙin karatu.

Yadda za a tafiyar da shi

Abu na farko shi ne mutum, kafin gini. A zaɓi malami ɗaya ko malama wanda shi kansa yana son karatu, a damƙa masa amanar, a kuma rage masa wasu darussa domin ya samu lokaci. A haɗa shi da yara biyu daga kowane babban aji, mace da namiji, su taya shi jera littattafai da rubuta sunayen masu aro. Yaron da aka ba wa wannan amana yakan fi kowa kishin littattafan.

Na biyu, kada rashin ɗaki ya hana farawa. Makarantar da ke fama da cunkoso tana iya sayen akwatunan ƙarfe shida, aji ɗaya akwati ɗaya, a zuba littattafai arba’in a kowanne. Littattafai 240 ke nan, kuma idan aji yana da rassa, sai akwatin ya riƙa zagayawa tsakaninsu. A ɗora akwatin a kan benci ko bulo, nesa da bango, saboda gara da danshi, a riƙa kakkaɓe ƙura a lokacin hunturu. Inda aka samu ɗaki, tabarma da kanta gajera daidai tsayin yara sun wadatar. A jera littattafan ƙananan yara bangonsu yana kallon waje, domin hoton bango ne ke kiran yaro.

Na uku, zaɓen littattafai. Yaro ya fi saurin iya karatu da harshen da yake magana da shi, don haka kaso mafi tsoka ga aji ɗaya zuwa uku ya zama na Hausa, mai manyan baƙaƙe da hotuna da gajerun jimloli. Manyan azuzuwa a ba su irin su Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, da tatsuniyoyi, da tarihin Annabawa da Sahabbai da aka sauƙaƙa, da littattafan dabbobi da taurari da sana’o’i, sannan masu sauƙi na Turanci da Larabci. A intanet akwai shafin African Storybook mai ɗauke da labaran yara da harsunan Afirka har da Hausa, kyauta, kuma an yarda a buga su a takarda. Wajibi ne malami ya karanta kowane littafi kafin ya shiga akwati, domin ya tabbatar ya dace da shekarun yara da tarbiyyarsu. Kuma ba kowace kyauta ake karɓa ba. Tsohon littafin jami’a da wani ya share daga gidansa ba zai amfani ɗan aji biyu da komai ba, sai dai ya cinye wuri.

Na huɗu, tsari mai sauƙi. Manyan laburare suna bin tsarin lambobi na Dewey, amma firamare launi ya ishe ta: kore ga mai fara haɗa baƙi, rawaya ga wanda ya fara sakin harshe, ja ga wanda ya ƙware. A buga wa kowane littafi hatimin makaranta da lamba, a shigar da shi rajista. A ware rajista ta biyu ta aro, mai ɗauke da sunan yaro da ajinsa da lambar littafi da ranar karɓa da ta mayarwa.

Na biyar, lokaci. Abin da ba ya cikin jadawalin darussa ba ya ɗorewa. Kowane aji ya samu aƙalla darasi ɗaya a mako na karatun ganin dama, kuma kada a mayar da shi lokacin shara ko kwafar aikin da ya rage.

Na shida, a bar yara su tafi da littafi gida na mako guda, cikin leda mai kauri ko ’yar jakar yadi, kamar yadda almajiri ke adana nasa a gafaka. Wasu za su yage, kaɗan za su ɓata. A tanadi gam da zare da allura, a koya wa yaran gyara. Wanda ya ɓatar a kira mahaifinsa a yi magana cikin mutunci. Yaron da aka zane saboda littafi, da wuya ya sake miƙa hannu ya ɗauki wani.

Sa wa yara son karatu

Babu dabarar da ta kai karanta wa yara labari a bayyane. Malami ya zauna a tsakiyarsu, ya nuna musu hoto, ya sauya murya idan kura ce ke magana ko gizo, ya dakata a inda labari ya yi zafi ya ce sai gobe. Kakanninmu da wannan hikima suka riƙe yara a dandalin tatsuniya. Washegari za a ga masu rige-rigen ɗaukar littafin domin su san ƙarshensa. Kada a mayar da wannan karatu jarrabawa. Ya isa a tambayi yaro wane ne ya fi burge shi a labarin, ko a ce ya zana abin da ya ji, ko ’yan aji shida su karanta wa ’yan aji ɗaya. A kuma kula da ’yan mata musamman, domin aikin gida da talla sukan cinye musu lokacin da ’yan’uwansu maza ke da shi.

A gida ma akwai aiki. Uwar da ba ta yi boko ba tana iya cewa ɗanta ya karanta mata labarin da ya aro yayin da take tsintar shinkafa, kuma wannan sauraro nata ƙarfafawa ce babba. Uban da ’ya’yansa ba su taɓa ganinsa da littafi ba, sai waya kullum a hannu, ya sani cewa yara abin da suka gani suke kwaikwayo.

Wa zai ɗauki nauyi?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa gwamnati nauyin ilimin firamare kyauta kuma dole, don haka haƙƙin iyaye ne su bi ta kwamitin kula da makaranta su nemi hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiharsu ta kawo littattafan karatu, a kuma raba su ga azuzuwa. Amma yaron da ke aji biyu bana ba zai tsaya jiran takardun ofis ba, shekarunsa tafiya suke yi. Mu da muke haɗa kuɗi mu saya wa masallaci shimfiɗa da lasifika, ba za mu gaza akwati shida ba. Waƙafin littattafai abu ne da malaman fiƙihu suka yi bayaninsa tun da daɗewa, kuma yana cikin sadaka mai gudana. Tsofaffin ɗaliban makaranta, da ’yan kasuwar unguwa, da mai walima ko suna da zai ware kuɗin littattafai goma, kowa yana da abin da zai iya. Da yayyafi kogi kan cika.

Mu fara da makarantar da ta fi kusa da gidajenmu, ta gwamnati ce ko Islamiyya. Mu je mu gaisa da hedimasta, mu tambaye shi ko akwai littattafai a kulle, mu tsaya masa idan wasu suka yage a hannun yara. Allah Ya albarkaci ’ya’yanmu, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya saka wa malamansu da alheri.