Haɗarin da ke jiran 'yan kwana-kwana a cikin gini da cikin mota

Da safiyar Alhamis 19 ga watan Janairun 2017 wuta ta tashi a saman benen Plasco da ke tsakiyar birnin Tehran na ƙasar Iran. Bene ne mai hawa 17 da aka kammala a 1962, kuma a lokacin gobarar cike yake da ɗaruruwan shagunan tufafi da wuraren ɗinki.

'Yan kwana-kwana sun iso, suka fitar da mutane, suka hau sama da tiyo. Bayan fiye da sa'a uku ana fama, benen ya rufta gaba ɗaya a cikin 'yan daƙiƙoƙi, gidan talabijin na ƙasar yana nunawa kai tsaye. Ma'aikatan kashe gobara 16 ne suka mutu, baya ga fararen hula, kuma sai da aka kwashe kwana tara ana tonon ɓaraguzai.

Hukumomin birnin sun ce sun sha gargaɗin masu benen cewa ba shi da kariya daga gobara. An gina shi ne da ginshiƙan ƙarfe, babu na'urar da ke fesa ruwa da kanta idan wuta ta kama, ga yadi da tufafi a jibge a kowane hawa.

Irin wannan mutuwa ce ta sa makarantun horar da ma'aikatan kashe gobara suke koyar da ilimin gini da na ƙirar mota. Dole ma'aikaci ya san da me aka yi abin da zai shiga, da kuma tsawon lokacin da zai iya jure wuta kafin ya faɗo masa.

Yadda wuta ke karya ƙarfe

Mutane da yawa na ganin ginin ƙarfe ya fi ƙarfin wuta tunda ƙarfe ba ya ci. Amma ba sai ya narke yake kawo ɓarna ba. Ƙarfen gini na narkewa ne a zafin da ya haura digiri 1,400 a ma'aunin Selshiyos, sai dai tun a wajen digiri 600 ya riga ya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Gobarar ɗaki guda tana wuce wannan zafi cikin sauƙi.

Ƙarfe kuma yana miƙewa idan ya ɗauki zafi. Dogon ƙarfen da ke riƙe da rufi zai iya tura bango waje har ya faɗa kan waɗanda ke tsaye a gindinsa. Shi ya sa ake koya wa ma'aikata cewa idan ana fargabar rushewa, su ja baya da kimanin tsayin ginin sau ɗaya da rabi.

Kankare ya fi juriya, amma shi ma yana da iyaka. Danshin da ke cikinsa yana zama tururi, ya riƙa fasa shi yana ɓantarewa har rodi ya fito fili. Da rodi ya ɗauki zafi, dakin ya fara lanƙwasa.

Akwai kuma nauyin ruwan kashe gobarar kansa. Kowace lita kilo ɗaya ce. Tiyon da ke zuba lita 1,000 a minti yana ƙara wa bene tan guda kowane minti idan ruwan bai samu hanyar fita ba. A wurin da aka jibge yadi ko katifa ko kwali, kayan ne ke shanye ruwan su riƙe shi a kan dakin da wuta ta riga ta raunana.

Rufin da ba ya gargaɗi

A Amurka, wani nau'in rufi ya yi ƙaurin suna a wajen 'yan kwana-kwana. Shi ne wanda ake haɗa siraran katako ko ƙarfe a saƙa su kusurwa uku-uku, domin a rufe fili mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Yana da arha da sauƙin ɗauka, amma kowane sashe ya dogara ne da ɗan'uwansa. Idan mahaɗa ɗaya ta saki, sauran na iya biyo ta a lokaci guda.

A ranar 1 ga Yulin 1988 irin wannan rufi ya rufta a wani wurin sayar da motoci a garin Hackensack na jihar New Jersey, ma'aikata biyar suka mutu. Daga baya jihar ta wajabta liƙa alama mai kusurwa uku a jikin gine-ginen da ke da irin wannan rufi ko daɓe, domin ma'aikaci ya gani tun daga ƙofa.

A ranar 18 ga Yunin 2007 kuma, ma'aikata tara suka mutu a wani katafaren kantin kujeru a birnin Charleston. Wutar ta bi ta sararin da ke tsakanin silin da rufi, a saman kawunan ma'aikatan da ke ciki, ga kujerun soso da suka cika kantin.

Gwaje-gwajen da cibiyar UL ta Amurka ta yi sun nuna yadda lokaci ya ragu. Daɓen da aka yi da katakon gargajiya mai kauri ya kai kusan minti 19 kafin ya rufta, amma wanda aka yi da siraran katakon masana'anta ya faɗi cikin kimanin minti shida. A wani gwajin, ɗakin da aka cika da kayan da, na auduga da katako, ya yi kusan rabin sa'a kafin wuta ta game shi baki ɗaya. Wanda aka cika da kayan zamani na soso da roba bai kai minti biyar ba.

Ma'anar wannan ita ce motar kashe gobarar da ta iso bayan minti goma tana iya tarar da ginin da bai kamata kowa ya taka cikinsa ba.

Hayaƙi da numfashi

Hayaƙin roba da soso yana ɗauke da iskar guba, ciki har da kabon monoksaid da sayanaid. Tukunyar iskar da ma'aikaci ke goyawa a baya ana yawan rubuta mata minti 30, amma mai hawa bene da kaya masu nauyi yana iya shanye ta cikin minti 15 zuwa 20.

Saboda haka ne ƙa'idar aiki a Amurka ta tanadi cewa a shiga gini aƙalla mutum biyu tare, a kuma bar wasu biyu a waje cikin shiri domin ceto su. Wani jami'i yana tsayawa yana rubuta wanda ya shiga da lokacin da ya shiga.

Illar hayaƙi ba ta ƙarewa a wurin gobara. A 2022, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin kashe gobara cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar kansa. Wannan ne ya sa ake nanata wanke kayan aiki bayan kowace gobara, da kuma ci gaba da sanya abin numfashi ko da wuta ta mutu, matuƙar ɓaraguzai na hayaƙi.

Motar da ta yi hatsari ba ta gama haɗari ba

A ƙasashe da dama 'yan kwana-kwana ne ke yanka mota su fito da waɗanda suka maƙale. Babban kayan aikinsu shi ne almakashi da mabuɗin ƙarfe masu aiki da matsin mai, waɗanda kamfanin Hurst na Amurka ya fara ƙerawa domin ceton direbobin tseren mota.

Sai dai abubuwan da aka saka wa mota domin kare fasinja suna iya raunata mai ceto. Na farko shi ne jakar iska da ba ta fashe ba a lokacin hatsarin. A 1995 a birnin Dayton na jihar Ohio, ana tsakiyar fito da wanda ya maƙale sai jakunkunan iskar gaba suka fashe, suka raunata ma'aikata biyu. Ba a cire batirin motar ba, kuma na'urar ceto ta danne akwatin da ke sarrafa jakunkunan.

Tun daga nan aka ƙara tsananta matakai. Ana fara tokare motar da katako domin kada ta motsa, a kashe ta, a cire batir. Ko bayan cire batir, wasu motoci na riƙe ragowar wuta na ɗan lokaci. Don haka ma'aikaci yana nisantar jakar gefe da kimanin santimita 13, ta sitiyari da 25, ta fasinjan gaba da 50.

Kafin a yanka ginshiƙin rufin mota, ana ɓare robar da ke ciki a leƙa, domin a nan ake ɓoye 'yar tukunyar gas da ke hura jakar gefe. Idan almakashi ya hau kanta, tana iya tarwatsewa. Ginshiƙan sababbin motoci kuma ana yin su da ƙarfe mai matuƙar tauri wanda tsofaffin almakasai ba sa iya yankawa.

Motoci masu amfani da lantarki sun zo da nasu. Wayoyinsu masu ruwan lemo suna ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 400 zuwa 800, kuma ba a yanka su. Idan batirin ya kama, yana iya cin dubban litocin ruwa, ya kuma sake tashi bayan sa'o'i. A 2020 hukumar Euro NCAP ta fitar da manhajar Euro Rescue, wadda ke nuna wa ma'aikaci taswirar mota a waya: inda batir yake, inda jakar iska take, da inda za a iya yankawa.

Haɗari na ƙarshe shi ne titin kansa. Motocin da ke wucewa suna kaɗe masu ceto. Shi ya sa ake gicciye babbar motar kashe gobara a bayan wurin hatsari ta zama garkuwa. Dukkan jihohin Amurka 50 suna da dokar da ta tilasta wa direba ya sauya layi ko ya rage gudu idan ya hango motar agaji a tsaye.

Inda abin ya shafi Najeriya

Duk wanda ya san manyan kasuwannin Kano ko Legas zai ga kamanninsu a labarin Plasco: yadi a jibge har silin, wayoyin lantarki a harɗe, lunguna a cushe da kaya. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ta cinye dubban shaguna.

A gidaje ma akwai abin dubawa. Silin roba yana narkewa ya riƙa ɗiga da wuta, yana fitar da hayaƙi mai guba. Ƙarfen tagar da aka saka don ɓarayi yana hana na ciki fita, ya hana mai ceto shiga. Ga tukunyar gas a kicin, jarkar fetur kusa da janareto, da farantan sola waɗanda ke ci gaba da samar da wuta matuƙar akwai rana, ko da an kashe layin gidan. Idan aka ƙara hawa a kan ginin da ba a tsara shi da haka ba, yana ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfinsa tun kafin wuta ta taɓa shi. Najeriya tana da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, amma aiki da shi ya dogara ne ga jihohi da hukumomin tsara birane.

A kan titi, tun bayan cire tallafin fetur a 2023 ana ta mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG. Tukunyarta tana ɗauke da matsi mai yawa, kuma galibi a but take, inda mai ceto ba zai gani ba. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan sayar da gas a birnin Benin, hukumomi suka ɗora laifin a kan tukunyar da ba ta cika ƙa'ida ba.

A wannan watan ne tankar mai ta faɗi a garin Majiya na jihar Jigawa, ta kama da wuta mutane na kwasar fetur, fiye da mutum 150 suka rasu. A Janairun 2025 aka sake ganin irin haka a mararrabar Dikko ta jihar Neja. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya kwarara cikin kwata, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Abin da jama'a za su iya yi

A Najeriya, sau da yawa mutanen gari ne ke fara isa wurin hatsari kafin jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ko 'yan kwana-kwana. Niyyarsu mai kyau ce, amma fizgo wanda ya maƙale da ƙarfin tsiya na iya taɓa lakarsa idan ƙashin wuya ko na baya ya karye, ya bar shi da shanyewar jiki. Idan babu wuta ko wani haɗarin da ke tafe, abin da ya fi shi ne a kashe motar, a tsayar da kansa kada ya motsa, a danne inda jini ke zuba, a kira 122 na FRSC ko 112 na gaggawa.

A wurin gobara kuma, bayanin mai gida yana da daraja kamar ruwa. Ya faɗa wa ma'aikata mutum nawa ne a ciki da ɗakin da suke, inda tukunyar gas da fetur suke, ko akwai sola, ko an taɓa ƙara gini a sama.

Taron 'yan kallo ma matsala ne. A Tehran an yi ta sukar waɗanda suka cika titi suna ɗaukar hoto da waya har motocin agaji suka sha wahalar wucewa.

Sannan idan shugaban tawaga ya janye mutanensa daga cikin gini ya koma zuba ruwa daga waje, jama'a kan ɗauka tsoro ne ko sakaci, wani lokaci har a kai ga jifa. Sau da yawa ya ga abin da mai kallo bai gani ba: tsagewar bango, lanƙwasar rufi, ko ruwan da ke shiga ba ya fitowa. Idan an tabbatar babu mai rai a ciki, ƙa'idar aikin ba ta yarda a saka ran ma'aikaci cikin haɗari saboda kaya ba.