Ko Kun Sani?

Telan da ke ɗinki a Karfi, ko mai feshin gonaki da manoman Malumfashi ke nema da damina, ba dole ba ne ya yi rajistar sunan kasuwanci muddin da sunansa na gaskiya yake sana'a. Haka dokar kamfanoni ta CAMA, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2020, ta tanada. Amma da zarar ya ƙara "Enterprises" a allon shago, sai rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC cikin kwana 28 da fara aiki, don jama'a su san mai sunan. Dokar ta kuma yarje wa mutum ɗaya ya kafa kamfani shi kaɗai, alhali a da sai mutum biyu.