Littafi ya koma kunne: yadda matasan Nijar ke sauraren labaran Hausa ta wayar salula

Tafiyar bas daga Yamai zuwa Damagaram ta kusan kilomita 900 ce, kuma takan cinye wa matafiyi yini guda. Duk wanda ya saba bin wannan hanya ya san yadda motar ke kasancewa da zarar an wuce Doso: hira ta lafa, wasu su yi barci, wasu kuma su zaro abin sawa a kunne su jona da waya. Daga cikinsu akwai masu jin waƙa, akwai masu jin wa'azi, akwai kuma waɗanda littafi ake karanta musu, babi bayan babi, da muryar wani ko wata da ba su taɓa gani ba.

Haka abin yake a shagunan ɗinki na Maraɗi, da wuraren kitso na Tawa, da fadojin matasa inda ake dafa shayi har dare ya raba. Littattafan Hausa da a da sai an saya ko an yi hayarsu, yanzu suna shigowa waya a matsayin murya. Wasu na sauke su daga YouTube, wasu na samunsu a rukunonin WhatsApp da Telegram, wasu kuma sukan je wurin masu cajin waya da tura waƙoƙi a cika musu katin waya. Daga nan sai labarin ya yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth, ba tare da an ƙara kashe ko dala ba.

Me ake saurare?

Galibin abin da ke yawo labaran soyayya ne da na zaman aure: kishiya, auren dole, gado, talaka da ƴar mai kuɗi. Sai kuma labaran yaƙi da na aljanu da na ƴan sanda, waɗanda samari suka fi so. Kusan dukkansu daga Najeriya suke fitowa, kuma jikoki ne na abin da ake kira adabin kasuwar Kano, wanda ya bunƙasa daga shekarun 1980. A wancan zamani ne sunaye irin su Balaraba Ramat Yakubu, mai “Alhaki Kuykuyo Ne”, da Ado Ahmad Gidan Dabino, mai “In Da So Da Ƙauna”, da Bilkisu Ahmed Funtuwa suka shiga gidaje, littattafansu suka tsallako iyaka ta Ɗan Isa da Magarya da Birnin Ƙonni cikin kayan fatake.

A yau marubutan da yawa ba sa zuwa maɗaba'a. Suna rubutawa a waya, su riƙa sakin labarin shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad, idan ya kai wurin da ya fi daɗi sai su tsaya, su ce mai son ci gaba ya biya. Daga waɗannan rubuce-rubuce ne masu karantawa da murya ke ɗauko abin da suke naɗa. Littafi guda kan kai awoyi da dama, shi ya sa ake yanka shi kashi-kashi, mai saurare ya riƙa jiran na gaba kamar yadda ake jiran ci gaban fim mai dogon zango.

Dalilin da ya sa kunne ya fi ido a Nijar

A ƙasashen Turai da Amurka, rashin lokaci ne ya fi kai mutane ga sauraren littafi. A Nijar akwai wannan, domin tela na iya jin labari yana taka keke, uwargida tana girki, mai gadi yana kwanan zaune. Sai dai akwai dalilin da ya fi wannan girma.

Alƙaluman hukumar UNESCO sun nuna cewa manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, kuma mata ne suka fi yawa cikin waɗanda ba su iya ba. Waɗanda suka yi lakol ɗin ma da Faransanci aka koyar da mafi yawansu. An fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973 a Damagaram, amma tsarin bai game makarantun ƙasar ba. Shi ya sa ake samun matashi mai digiri, wanda Hausa ce harshen da ya tashi da shi, amma idan aka miƙa masa shafi guda na Hausar boko sai ya riƙa tuntuɓe. Wanda ya yi makarantar allo kuwa idonsa ya fi sabawa da baƙaƙen Larabci da ajami.

Rubutun Hausar boko shi kansa yana da nasa cikas. Ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. “Kuka” na hawaye da “kuka” ta miya iri ɗaya ake rubuta su, sai ma'anar jimla ta raba. Marubutan intanet da dama kuma ba sa saka ƙugiya a haruffa, sai “ƙasa” ta koma “kasa”, “ɓata” ta koma “bata”. Wanda bai saba ba zai sha wahala kafin ya gama babi ɗaya. Amma idan gwanin karatu ya ɗauki shafin, duk wannan wahala ta faɗa kansa, mai saurare kuwa Hausa tsantsa yake ji kamar ana yi masa hira. Wannan ne ma ya sa masu saurare da yawa ba sa jure wa tashoshin da ke amfani da muryar na'ura, domin na'urar kan karya karin kalma har ma'ana ta ɓace.

Ga masu larurar gani da tsofaffin da idonsu ya yi rauni, wannan ita ce kusan hanya ɗaya tilo ta sanin abin da littafi ya ƙunsa. Dama can saboda su aka ƙirƙiro littafin saurare: a shekarun 1930 ne ƙungiyoyin makafi a Amurka da Ingila suka fara naɗar littattafai a faifan garmaho. Sai daga baya abin ya zama kasuwa, har kamfanin Amazon ya sayi Audible a 2008.

Tsohuwar al'ada a sabuwar riga

Ga Bahaushe, jin labari da kunne ya riga karanta shi. Tatsuniyar dare a gaban kaka ita ce makarantar farko ta yara da yawa. “Magana Jari Ce”, wanda Abubakar Imam ya wallafa a ƙarshen shekarun 1930, shi kansa a kan sauraro aka gina shi: a littafi na farko, aku ne ke ba ɗan sarki Musa labari bayan labari don ya hana shi fita ya bi sahun mayaƙa.

Rediyo ya ɗora daga nan. Waɗanda suka girma da Muryar Sahel ba su manta da wasannin kwaikwayo na Hausa irin na su Yazi Dogo ba, lokacin da gida guda kan taru a gaban akwati ɗaya. Tashoshin FM na Kano sun daɗe da shirye-shiryen karanta littattafai. Tafsirin malamai ya bi ta kaset, ya koma faifan CD, ya koma katin waya. Tun 2016 kuma sashen Hausa na BBC ke gudanar da gasar Hikayata ta gajerun labarai na mata, inda ake karanta labaran da suka yi fice a rediyo. Abin da wayar salula ta ƙara shi ne zaɓi: mutum ya ji abin da yake so, a lokacin da yake so, ya tsayar ya kuma ci gaba.

Abokin hirar ɗan ci-rani

A wajen ƙasa abin ya fi tasiri. Ɗan Nijar da ke aikin gini a Sabha ko Tamanrasset, da mai talla a Akara ko Abijan ko Kwatano, da mai aikin dare a Greensboro ta Amurka, inda ƴan Nijar ke da yawa, duk suna iya yin yini guda ba su ji doguwar Hausa ba sai gaisuwa a waya. Ɗaukar littafin takarda a irin wannan tafiya ƙarin kaya ne, samunsa a can kuma sai an dace. Muryar da aka sauke a waya kuwa ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta, kuma ba ta cin kuɗin intanet kamar bidiyo.

Akwai kuma iyayen da ke kunna wa ƴaƴan da aka haifa a waje tatsuniyoyi da labarai don kada harshen ya kuɓuce musu. A nan sai an yi hattara, domin ba kowane labari ne ya dace da kunnen yaro ba. Wasu daga cikin littattafan intanet na ɗauke da batsa ƙarara, abin da marubuta da malamai suka sha kokawa a kai, kuma murya ba ta da bango ko gargaɗin da zai nuna wa uwa abin da ke ciki kafin ta kunna.

Shin sauraro karatu ne?

Wannan muhawara ce da ake yi a ko'ina, har a fadojin ɗalibai. Masu goyon bayan sauraro suna da hujja. Wani bincike da masana na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka wallafa a 2019 ya auna ƙwaƙwalwar mutane suna karanta labari da kuma suna sauraren labarin, ya gano cewa sassan da ke sarrafa ma'ana kusan iri ɗaya suke aiki a duka biyun.

Sai dai fahimtar labari daban, iya karatu daban. Kunne ba ya koya wa mutum yadda ake rubuta kalma, ba ya taimakonsa ya cike takarda a asibiti ko ya karanta yarjejeniyar aiki kafin ya sa hannu. Darasi mai wuya kuma yana buƙatar a tsaya, a koma baya, a ja layi, abin da ya fi sauƙi a takarda. Wanda hankalinsa ya rabu tsakanin labari da tuƙin kabu-kabu, ban da haɗarin da ke ciki, ba lallai ya riƙe rabin abin da ya ji ba.

Akwai hanyar haɗa biyun. Wanda ya buɗe rubutun labarin a waya yana bi da ido yayin da ake karanta masa, yakan saba da Hausar boko cikin sauri. Tun da kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, buƙatar masu iya karanta ta da rubuta ta za ta ƙaru, kuma labarin da mutum ke ƙaguwa ya san ƙarshensa ya fi kowane littafin koyarwa jan hankali.

Wa ke cin gajiyar guminsu?

Babban ƙorafin marubuta shi ne satar fasaha. Marubuciya kan shafe watanni tana rubutu, ta saka kuɗin shiga rukuninta. Da yawa daga cikin marubutan Najeriya ma sukan ware wa masu karatu na Nijar farashinsu da kuɗin CFA, sau da yawa dala ɗari ko jaka guda, a tura ta kamfanonin aika kuɗi. Amma da zarar mutum ɗaya ya biya ya fitar da labarin, sai wani ya naɗe shi da murya ya ɗora a tasharsa, tallace-tallace su riƙa kawo masa kuɗi, mai labarin ba ta ga ko tamma ba. Wani lokaci ko sunanta ba a ambata.

Ba duka masu tashoshin ke yin haka ba. Akwai masu neman izini, su biya marubuci ko su raba abin da aka samu. Doka ma tana nan: a Nijar akwai ofishin kare haƙƙin masu fasaha na BNDA, Najeriya kuma ta sabunta dokarta ta haƙƙin mallaka a 2023. Sai dai marubuciyar da ke Katsina ba ta da halin bin sawun muryar da ta riga ta shiga dubban wayoyi daga Agadas zuwa Kumasi. Mai saurare na iya taimakawa da abu kaɗan: ya duba ko an ambaci sunan marubucin, ya fifita tashar da ke aiki da izini, ya kuma biya idan labarin na kuɗi ne.

Ina labaran Nijar?

Matashin Maraɗi da ke sauraren waɗannan littattafai yana jin labarin unguwannin Kano da Kaduna da Abuja, ana lissafi da naira. Da wuya ya ji labarin da jarumarsa ta tafi lakol, ta gaishe da mushe, ta yi ciniki da jaka da dala, ko ta yi magana da Hausar Adar ko ta Arewa ko ta Damagaram.

Ba don ƙasar ta rasa labarai ba ne. Abdoulaye Mamani ya wallafa “Sarraounia” a 1980, kan Sarauniya Mangu ta Lugu da ta yi tsayin daka a gaban rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Med Hondo ya mayar da shi fim, wanda ya lashe babbar kyautar FESPACO a 1987. Boubou Hama ya bar littattafai masu yawa kan tarihi da al'adun ƙasar. Amma da Faransanci aka rubuta su, don haka mafi yawan mutanen da labaran suka shafa ba su da hanyar karanta su. Cibiyar CELHTO da ke Yamai ta shafe shekaru tun 1968 tana tattara tarihin baka, maɗaba'u irin su Gashingo kuma suna buga littattafai da harsunan ƙasa, sai dai kaɗan ne daga cikin wannan dukiya ke isa wayoyin matasa.

Kayan aikin da ake buƙata ba su da yawa: izinin marubuci ko magadansa, fassara mai kyau idan littafin na Faransanci ne, ɗaki marar hayaniya, da mai karatu da ya san inda ake tsayawa. Gidajen rediyo masu zaman kansu da na karkara suna da ɗakunan naɗar murya da ma'aikatan da suka ƙware a karanta labarai da Hausa. Jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa suna da ɗaliban da za su iya aikin fassara da karatu. Masu saurare kuwa suna nan a cikin gida da waje, kuma wasunsu sun riga sun saba biyan dala ɗari don su ji ƙarshen labari.