Gawayin da Bai Taɓa Hawa Ma'auni Ba

Wanda duk ya ga motocin gawayi suna shiga birni da asuba, an loda musu buhu kan buhu har sun karkace, zai zaci akwai wani malami da ke zaune yana rubuta adadinsu. Alhali kuwa galibin gawayin ƙasashenmu daga dawa yake fitowa, ya ratsa hannun dillali, ya ƙare a murhun uwargida ko tukubar mai tsire, ba tare da ya taɓa hawa ma'auni ba.

Duk da haka, Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda mazauninta ke birnin Rum, ta bayyana cewa a 2015 duniya ta samar da kimanin tan miliyan 52, kusan miliyan 32 daga Afirka, Nijeriya da Habasha kuwa suna sahun gaba. Lissafin ƙasa irin Brazil yana da sauƙi, domin masana'antun narkar da ƙarfe ne ke cinye yawancin nata, su kuwa ba sa saye sai da rubutu. Namu ƙiyasi ne, ba yaƙini ba.

Masana sukan bi gida-gida su tambayi abin da iyali ke ƙonawa a mako, su riɓanya da yawan jama'a; wasu su tsaya bakin gari suna ƙirga motoci; in ƙasa ba ta aika da alƙalumanta ba, sai Hukumar ta cike gurbin da kintace bisa yawan mutane da bunƙasar birane. A Somaliya, wadda Kwamitin Sulhu ya haramta fitar da gawayinta a 2012, har da hotunan tauraron ɗan'adam aka ƙirga tabon wuraren ƙuna.

Abin da ya fi damuna shi ne mayar da lissafin gawayin zuwa itacen da ya haife shi, domin a nan ne maslahar daji take. Hukumar takan ɗauka cewa tan guda na cin kubik mita 6 na itace, amma wanda ya tara ɗanyen itace ya binne da ƙasa, ya bar iska tana shiga, yakan yi asarar da ta ninka wannan, kuma buhun kirya, wadda maƙera suka fi so, bai zo nauyi ɗaya da buhun itace mai taushi ba. Kuskure kaɗan a buhu, idan aka riɓanya shi da miliyoyin gidaje, sai ya zama kurmi guda na marke da kaɗanya da aka sare, littafin hukuma kuwa yana nuna suna tsaye.